Takarda Ba Ta Buɗe Ƙofa

Maharazu bai taɓa rataya allon talla a rumfarsa ba, ubansa Mati ma bai rataya ba. A Daura in makullinka ya ɓata, ko kwaɗon ɗakinka ya cije, ba ka tambayar inda za ka nufa. Bayan 'yan gawayi, rumfar nan da hayaƙi ya mayar baƙa wuluk, nan za ka tarar da shi a kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe, magagari a hannu. Ba ya doguwar gaisuwa, ba ya ragi, ba ya hira da zancen ƙofar wani. Ya shiga gidajen da ko surukai ba sa wuce zaurensu. Ya buɗe akwatunan mata, ya buɗe na matattu a gaban magada, ya ga abin da ya gani, kuma ba wanda ya taɓa jin komai daga bakinsa. Gadonsa ke nan. Mati bai bar gona ba, bai bar gidan kirki ba. Uwar maƙera ya bari, da guduma, da suna.

Akwai abin da gidansu ke yi wanda ba a yi a wani wuri. Kafin a ƙera makulli, sai a yanki samfurinsa a jikin gwangwani. Ranar da mai kwaɗo ya zo karɓa, sai Maharazu ya ɗora samfurin a kan uwar maƙera a gaban idonsa, ya daddake shi da guduma har ya koma kamar busasshen ganye, ya jefa a wuta. Sannan ya ce, "Daga yau, daga kai sai Allah." Don wannan dukan gudumar mutane ke zuwa. Ƙarfe ai ko'ina akwai shi.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya haukata kowa, duk akawun da ka sani ya sayi babur, duk mai shago ya koma ɗan kwangila. Aka shiga rushe ginin ƙasa ana ɗora bulo. Wani mutum ya zo daga Kano da injin yankan makulli, ya kafa a bakin tasha, da allonsa mai jan fenti. Kafin ka gama tauna ɓarin goro ya yanka maka. Makullin ba zai ga damina biyu ba sai ya lanƙwashe, amma wa ya damu? Lokaci ne da kuɗi ke neman inda za a kashe su.

Mutum ɗaya ne ya hana rumfar Maharazu mutuwa: Alhaji Sharu, babban ɗan kasuwar da ke da sito a Kongolam, cike da turamen atamfa da rediyo da batir masu jiran tsallake iyaka. Tare suka yi karatun allo suna yara, tare suka sha bulala. Maharazu ne ya ƙera wa siton kwaɗo, ƙato kamar kunkuru, ya kwashe rani guda yana aikinsa, ya yi wa makullin kai mai siffar dagi. Alhaji kuwa a bainar jama'a yake cewa, "Muddin ɗan Mati yana numfashi, kwaɗon Turawa ba zai hau ƙofata ba." Sauran fatake suna kallon bakin Alhaji. Inda ya kai ƙofarsa, nan suke kai tasu.

Duk da haka abin yana cin Maharazu. Da ya ji ana gina gidajen ma'aikata a hanyar Kano, ƙofofi ba iyaka, sai ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ofishin ɗan kwangilar. Akawun da ya tarar ko kai bai ɗaga ba.

"Ina katinka?"

"Wane kati?"

"Katin sana'a, Baba. Mai suna da adireshi. Shi muke sawa a fayil."

"Ni ne Maharazu ɗan Mati. Ka fita waje ka tambayi duk wanda ka gani."

"To, Baba, ɗan Mati ba ya shiga fayil."

Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Matarsa Barakatu ta ja bakinsa har ta ji abin da ya faru, ita kuma ta aika wa ƙaninta Kalilu, wanda ke aiki a gidan ɗab'i a Kano. Ranar Asabar sai ga Kalilu a kan babur ɗinsa Besfa, da wando mai faɗin ƙafa da jakar hannu. Bayan la'asar suka zauna a zaure, Barakatu ta turo kwanon fura ta tsaya daga bayan ƙyaure tana saurare.

"Mijin Yaya," in ji Kalilu, "zamani ya zo wucewa yana danna maka hon, kai kana tsugune kana hura gawayi."

"Bakinka ya fi wandonka faɗi. Nuna mini abin da ka zo da shi."

Kalilu ya baza katuna a kan tabarma, na 'yan kwangila, na masu kemis, na wani mai haƙa rijiya. Ya fito da farar takarda da fensir, ya ja layi huɗu daidai girman kati, ya lashi bakin fensirin.

"A sama za mu sa: Kamfanin Maharazu da 'Ya'yansa. A ƙasa: Babban Manaja."

"'Ya'yana mata ne, kowacce tana ɗakin mijinta. Kamfanin kuwa ka san shi, buzu ne da zugazugi."

"Kowa haka yake rubutawa. Ka ga wannan? Babban Darakta. Na san shi, ofishinsa gindin darbejiya ne."

"Ba na yin ƙarya da bakina. Ba zan biya a yi mini ita da tawada ba."

"To me za a sa?"

"Maharazu ɗan Mati, mai kwaɗo da makulli. A fara da Bisimilla."

Muryar Barakatu ta fito daga bayan ƙyaure. "Malam, abin da za a yar a ƙasa, awaki su taka, shi za ka ɗora wa sunan Allah?"

Maharazu ba ya son mace ta gyara masa magana a gaban ƙaninta, amma gaskiya ta faɗa. "A cire," ya ce.

"Tarho?" in ji Kalilu.

"Ka taɓa ganin waya ta bi ta 'yan gawayi?"

"To a sa akwatin gidan waya. Zan ara maka na wani abokina."

"Wanda zai neme ni a akwatin wani, ya nemi mai akwatin ya gyara masa kwaɗon. Rubuta: bayan 'yan gawayi, kasuwar Daura."

Kalilu ya dafa kai. "Yaya, wa ya aura miki wannan dutsen?"

"Ka yi aikinka dai," in ji ta, tana dariya.

Saura hoto. Kalilu ya sunkuya ya zana makulli a tsakiyar katin, da kai mai ado kamar fure, ya yi masa inuwa har kamar za ka ɗauka. Ya miƙa yana jiran yabo. Maharazu ya karɓa, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya matso da shi kusa da haske.

"Wannan me yake buɗewa?"

"Ba ya buɗe komai. Hoto ne."

"Haƙoransa duk tsawo ɗaya, kamar matsefi. Wannan ko akurkin kaji ba zai buɗe ba. Duk maƙerin da ya gan shi daga nan har Damagaram zai ce Maharazu ya manta aiki."

"Maƙera ne za su ba ka kwangila? Akawu ne zai duba, shi kuwa ko cokali ka zana masa bai san bambanci ba. A wurinmu ma akwai hatimin makulli a ajiye, shi muke buga wa kowa."

"Shi kuka buga wa na bakin tasha?"

"Da shi da wanin shi."

Nan Kalilu ya yi kuskure, da bai faɗi haka ba. Maharazu ya ajiye takardar ya ture ta da yatsa. "Na cire ƙarya daga sunana, na cire ta daga adireshina, sai a tsakiyar katin zan bar ta ta zauna ta miƙe ƙafa? Gobe ka same ni a rumfa."

Samfurin makullin Alhaji Sharu an daɗe da daddake shi a gaban Alhaji, wuta ta cinye. Amma hannun da ya yi rani guda yana aiki ɗaya ba ya mantuwa. Da safe Maharazu ya ɗauki gwangwanin madara ya buɗe cikinsa, ya sa almakashi da magagari. Bai tsaya zaɓe ba. In za a nuna wa duniya aikinsa, to a nuna wanda ya fi kowanne. Kafin hantsi ya ɗaga ga makulli a tafin hannunsa, tsawon yatsa, kai mai dagi, haƙora wani dogo wani gajere, kowanne a mazauninsa. Kalilu ya kwantar da shi a kan takarda ya bi gefensa da fensir mai tsini, Maharazu yana tsaye a kansa kamar mai gadin gona.

"Kada ka ƙara, kada ka rage. In na ga injinku ya ci haƙori ɗaya, kai za ka cinye katunan."

Da aka gama, ya daddake gwangwanin ya jefa a wuta, yadda aka saba. A ransa ya cika ƙa'idar gidansu.

Barakatu ce kawai ta tsaya a kan zanen da aka kawo mata ta gani. "Malam, wannan ba makullin Alhaji ba ne?"

"Makullin Alhaji yana ƙugun Alhaji. Wannan takarda ce. Takarda ba ta buɗe ƙofa."

Haka ya yarda har cikin ransa. Shi a wurinsa abu sai mai nauyi, sai wanda za ka sa a wuta ya yi ja. Takarda kuwa abin ƙunshe ƙosai ce, da abin da akawu ke ɓuya a bayansa.

Katunan suka zo a kwali, farare ƙal, masu kauri, da koriyar tawada. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina. Ya duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya ga injin Kano bai ci ko gashi ba, sai ya ji wani abu ya cika masa ƙirji wanda ya daɗe bai ji ba. Mutumin da ba ya doguwar gaisuwa sai ga shi yana tare mutane a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Ya ba direbobin tasha, masu zuwa Sandamu da masu zuwa Babban Mutum, ya ce su raba wa fasinja. Duk wanda ya miƙa wa sai ya ce, "Duba haƙoran da kyau. Ba zanen yara ba ne, makullin gaskiya ne."

Ya kai wa akawun nan nasa. Akawun ya jefa a aljihun tebur, ya ce ƙofofin gidajen daga ƙasar waje aka yo odarsu, kowacce da makullinta a leda. Kwangilar ke nan.

Alhaji Sharu kuwa ya ji daɗi. Ranar kasuwa ce, mutane cike a ƙofar siton. Ya duba katin, ya kwashe da dariya, ya zaro makullinsa daga ƙugu ya ɗaga su tare don kowa ya gani.

"Ku duba, har ni an sa a takarda. Ɗan Mati, ashe kai ma ka waye. Ba ni da yawa in ba abokan cinikina na tsallake."

Maharazu ya damƙa masa cikin hannu guda.

Damina ta wuce. Wata safiya, ko gawayi bai gama kamawa ba, sai ga Fijon Alhaji a bakin rumfa. Direban bai sauko ba, bai yi sallama ba.

"Alhaji yana nemanka a Kongolam. Ya ce yanzu."

Tun daga nesa Maharazu ya hango taro. Da ya sauko, hayaniyar ta mutu, mutane suka dare suka ba shi hanya, irin darewar da ake yi wa wanda ba a son rigarsa ta taɓa ka. Ƙofar siton a wangale. Ciki fayau, kamar an share za a yi biki, sai igiyoyin da aka kwance daga diloli. Kwaɗon yana rataye a mariƙinsa, a buɗe, ba duka ba karaya. Alhaji yana zaune a kan benci, hularsa a karkace, wani kofur na 'yan sanda yana tsaye a gefensa.

"Alhaji, ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya mayar da alheri."

Alhaji ya ɗaga igiyar da ke ƙugunsa, makullin yana lilo.

"Ranar da ka ba ni wannan, me ka ce mini?"

"Na ce daga kai sai Allah."

"To bai taɓa barin jikina ba, ko wanka zan yi da shi nake shiga. Allah kuwa ya fi ƙarfin atamfata. Wa ya rage, Maharazu?"

Ba a taɓa yi wa Maharazu irin kallon da aka yi masa a lokacin ba. Wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ai wanda ya ɗaure shi ya san kwancewa." Kofur ya gyara tsayuwa.

Maharazu ya je ya ciro kwaɗon, ya girgiza shi a kusa da kunne, ya ji wani abu yana motsi a ciki wanda ba shi ya sa ba. Ya zaro hantsaki daga aljihu, ya tsugunna, ya lallaɓa har ya jawo shi. Guntun makulli ne, ya karye daga wuya, ɓarawon ya bar shi don sauri. Ƙarfe ne mai taushi, kamar an yanko daga tsohon faranti, gugar magagarin duk a karkace, aikin wanda bai taɓa zama a maƙera ba. A gefe ɗaya kuwa akwai takarda manne da ƙaro, ta yi baƙi da maiƙo, amma a bakin kowane haƙori ana ganin siririn layin koriyar tawada.

Abin da ya fara ji, sai a ce wauta, sanyi ne a zuciya. Ba aikin hannunsa ba ne, kuma yana da shaida. Ya miƙe, ya zaro kati daga aljihun gaba, ya ɗora guntun a kan zanen. Ya zauna daram, haƙori kan haƙori.

"Kofur, zo ka gani. Alhaji, duba. Jama'a ku shaida, ba ni na buɗe ba. An yanki hoton nan an manna a ƙarfe, an bi layin da magagari. Ga ƙaron, ga tawadar. Ni ban taɓa ɗaukar allurar wani ba, ubana ma haka."

Kofur ya karɓa ya duba, ya gyaɗa kai. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Mutane da yawa suka laluba aljihunsu suka fito da nasu katin suna gwadawa. Sai wani ya yi dariya, wani ya kama, har ta zagaye taron. Maharazu ya ɗauka dariyar wanke shi ce. Ya juya wajen Alhaji yana jiran a ce masa yi haƙuri.

Alhaji ya daɗe yana kallon katin.

"Wato makullina ne. Ba kamarsa ba, shi ɗin."

"Ai ka gani tun ranar, Alhaji. Kai ka ɗaga shi a nan wurin, kai ka ce in ba ka da yawa."

"Ni ɗan kasuwa ne. Na ga dagi na yi dariya. Sanin haƙori aikin wa ne?"

"Na daddake samfurin. Sau biyu ma. Ban ajiye ƙarfe ko ɗaya ba."

"Ka daddake gwangwani, ka buga makullin a inji." Alhaji ya miƙe, bai ɗaga murya ba. "Wallahi da sata ka yi da ta fi mini sauƙi. Ɓarawo mutum ɗaya ne, a kama shi a huta. Kai kuwa ka bi masallaci da tasha kana raba ƙofata kamar goron ɗaurin aure. Yanzu wa zan kama? Daura? Ko tsallake?"

"Alhaji, ban ci amanarka ba."

"Ba ka ci ba. Ka dai zubar da ita a hanya, kaji sun tsattsage. Mati shekara nawa yana shiga gidajen mutane, ba a taɓa jin bakinsa ba. Kai ma ka riƙe naka bakin, na yarda. Sai ga shi ka je Kano ka sayo wani bakin." Ya juya ga direba. "Mayar da shi. Ka wuce tasha ka ce wa mai injin nan ya zo da kwaɗon Turawa, mafi girma."

Kofur bai kama shi ba. Ba abin da za a rubuta a kansa. Aka wanke shi tas daga sata a gaban jama'a, kuma da abin da ya koma gida ke nan.

Ya yi ƙoƙarin tattara katunan. Ya bi direbobi, ya bi 'yan kasuwa, ya je har Babban Mutum a bayan akori-kura. Wasu suka ce sun yar, wasu suka ce yara sun yi wasa da shi, wasu suka ƙi bayarwa, wai abin tarihi ne. Ba amfanin da zai yi ko da ya samu, ƙofar da katin ke buɗewa an riga an buɗe ta. Shi ma ya sani. Ƙafarsa ce kawai ta ƙi zama.

Ba wanda ya zage shi. Da zagi ne da ya rama. Gaisuwa ma ba a fasa ba, sai dai ba mai tsayawa. Ya yi ta rantsuwa cewa makulli ɗaya tak ya zana, na kowa yana nan a rufe, aka ce masa, "Haka ne, Malam Maharazu, mun yarda," sannan a wuce tasha. Mutumin da makullinka ke cikin kansa, kuma ya nuna yana iya fito da shi duk ranar da yabo ya yi masa daɗi, wa zai kwana da kwaɗonsa a ƙofa? Matan da ya taɓa buɗe wa akwati suka shiga aiko da tambaya a ɓoye wajen Barakatu, wai ba dai zai buga wani katin ba. Wata rana wani baƙo mai rawani har hanci ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Maigida, yaushe sabon kati zai fito? Mun ji daɗin na bara." Kafin Maharazu ya laluba guduma ya shige cikin kasuwa.

Kalilu ya zo sau ɗaya, ba Besfa, ba wasa.

"Yaya Maharazu, da mun sa na ƙaryar nan."

"Da kun sa."

"In kana so a sake bugawa, a canja hoton, ni zan ɗauki nauyi."

"Ka gaida Kano."

Barakatu ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya samu wanda zai yi wa faɗa. Sauran katunan da ke kwali ita ta riƙa ɗiba tana hura wuta da su, shi yana gani bai hana ba.

Da bazara ta kawo kai, sai ga mai gwangwan da buhu a kan jaki, yana neman mai sayen tsohon ƙarfe. Ya zazzage a gaban rumfa. Kwaɗuna ne, tuli guda. Maharazu ya san kowanne kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ga na gidan liman, ga na shagon 'yan goro, ga waɗanda Mati ya ƙera tun Maharazu yana jan zugazugi, ba abin da ya same su, ko tsatsa ba su yi ba. A ƙasan tulin ga ƙaton nan mai kama da kunkuru.

"Ƙarfe ne mai kyau," in ji mai gwangwan. "Ba a samun irinsa yanzu."

"Na sani."

Ya saya duka. Ciki ba ya jiran suna ya dawo, damina kuma ta matso, manoma na neman fartanya. Ya riƙa jefa su a wuta ɗaya bayan ɗaya, in sun yi ja ya ɗora a uwar maƙera ya buɗe su da guduma, ya shimfiɗa. Ba samfur, ba haƙori, ba wanda zai tsaya ya ga an daddake wani abu a gabansa. Na Alhaji shi kaɗai ya ba da fartanya biyu da 'yar tsitaka.

Wani manomi daga Sandamu ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya saurari ƙararta, ya gwada bakin a babban yatsa.

"Kai, wannan ƙarfe. Tun na kakana ban ga irinta ba. Maigida, mene ne sunanka? In na koma in faɗa wa mutanenmu su zo wurinka."

Maharazu bai ɗaga kai daga wuta ba.

"Ka ce musu bayan 'yan gawayi."

"To sunan fa?"

"Babu. Na buga shi a takarda na rabar. Matsa, kana tare mini iska."